Askin Labbo

Shekara arba'in Labbo na gindin tsamiya a kasuwar Jega,
zabira a kafaɗa, aska bakwai a cikinta,
ba a taɓa tashi daga gabansa da ƙurji ba.
Yanzu hannun daman ya kwanta a kan cinya
kamar kifin da aka manta a bakin gulbi.
Gemu kuwa ba ruwansa da jinya, tsiro yake.

Ni ne ɗansa, mai gyaran waya a bakin tasha.
Na sayo reza a teburin Ɗan'ige,
na zaunar da shi a tabarma da hantsi,
na kankare shi a bushe, ina duban agogo,
daga ƙasa zuwa sama, kamar mai feren rogo.
Bai ce uffan ba.
Idonsa kaɗai ke bin hannuna.

Kafin azahar wuya ya yi jawur,
haɓa ta feso ƙuraje kamar an watsa gero.
Yana kai hannun hagu zai sosa,
yana tunawa, yana mayarwa.

Maƙwabcinmu Hantsi ya leƙo ta katanga:
a matse lemun tsami a kai!
Wani ya ce sifirit, wani ya ce man zafi,
ƙanwata ta ce zuma, gwaggo Tumba ta ce
sai ki tsaya ki yi masa gadin ƙuda.
Baba ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya,
sannan ya tattaro harshensa mai nauyi
ya ce: randa.

Na tsoma farin ƙyalle a ruwan da ya kwana,
na shimfiɗa masa daga kunne zuwa kunne.
In ya ɗumama in sake. Sau biyar.
Na ji numfashinsa ya sauka.

Ya nuna zabira da haɓa. Alif.
Na lalubo shi can ƙasa, ƙarƙashin fatar wāshi,
ɗan dunƙule mai santsi, ya cinye rabi,
da gurbin babban yatsansa a jiki.
Nawa yatsan bai cika gurbin ba.
Na jiƙa, na goga sau ɗaya, ya runtse ido,
na ɗauraye.

Tumba ta karyo kabar giwa a bayan madafi,
ta tsaga, ta kankaro yauƙin da bakin cokali,
ta shafa tana mita:
ɗan wanzami guda, ka yi wa ubanka kaftu.
Da ya bushe, Baba ya ce: kaɗe.
Na yanko da yawa. Ya girgiza kai.
Na rage. Ya sake girgizawa.
Kamar ƙwayar gyaɗa, a narke a tafin hannu,
a ɗora, ba a murza ba.

Ya ɗaga yatsu uku.
Kwana uku ba ƙarfe, ba farce, ba turare.

Ran na huɗu ya kama wuyan hannuna da hagunsa,
ya bi da yatsuna a kan kuncinsa, a hankali.
Nan gashin ya gangara. Nan ya karkata.
A ƙarƙashin muƙamuƙi ya yi juyi
kamar ruwa a gindin gada.
Shekara talatin ina kallon fuskar nan,
ban san tana da hanyoyi ba.

Ruwan ɗumi tukuna, har gashin ya yi laushi.
Kumfar sabulun salo. Sabuwar reza.
Na bi inda ya kwanta, ban tashe shi ba.
Wayata ta yi ta kuka a aljihu, na ƙyale ta.

Da na gama ya shafa haɓa, ya shafa wuya,
ya daɗe a wani wuri kusa da kunne.
Ya laluba ƙarƙashin matashi,
ya miƙo mini naira hamsin da ta sha ninki.
Na ce Baba, ai aski ɗari biyu ne yanzu.
Gefen bakinsa mai rai ya motsa.
Ya ce: saura, sai ka iya.